Mai Ƙidayar Ƙuri'a: Aikin David Butler Da Abin Da Ya Bari A Baya

Akwai wani Bature mutumin Ingila, sunansa David Butler, wanda ya yi shekara fiye da 70 yana binciken al'amarin zaɓe. An haife shi cikin 1924, ya mutu cikin watan Nuwamba 2022 yana da shekara 98. Bai taɓa riƙe mulki ba, bai zama wakili a majalisa ba, amma duk wanda ya zauna gindin rediyo daren zaɓe yana sauraron ana cewa jam'iyya kaza ta sami kashi kaza cikin 100, ta ƙaru da kaza, to, ya ɗanɗani aikin wannan mutum ko da bai san sunansa ba. Nufina a nan in auna aikin nasa, in faɗi inda na ga ya yi ƙwazo, in kuma faɗi inda na ga ma'auninsa ya kasa. Dalilin da ya sa abin ya shafe mu shi ne, irin zaɓen da mu ke yi, watau kowace mazaɓa ta fid da wakili ɗaya, wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ɗauki kujera, daga Ingila muka gaje shi.

Tun yana yaro ɗan makaranta Butler ya ke da son lissafi. Abin da ya fara ba shi sha'awa shi ne lissafin wasan kurket, wane ya ci nawa, wane ya fi wane. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi nisa aka ɗauke shi soja, ya zama hafsa a cikin rundunar tankokin yaƙi. Da ya komo jami'ar Okusfod sai ya tarar an yi babban zaɓen 1945, wanda jam'iyyar Leba ta ka da Mista Churchill, ta ci kujera 393 cikin 640. A lokacin nan jaridu su kan buga yawan ƙuri'un da kowane ɗan takara ya samu, shi ke nan. Sai yaron nan ya zauna ya bi mazaɓun ɗaya ɗaya, ya mai da ƙuri'un kowa kashi cikin 100. Wani malamin Okusfod mai suna McCallum yana rubuta littafi a kan wannan zaɓe, sai ya sa lissafin Butler a ƙarshen littafin.

Mai karatu zai iya cewa, wannan ai ba wani abu ba ne, kowane malamin ofis ya iya shi. Haƙiƙa ya iya, amma kafin Butler ba wanda ya zauna ya yi wa ƙasar duka. Ga amfaninsa. In aka ce maka wane ya sami ƙuri'a 20,000 a wani gari, wani kuma ya sami 15,000 a wani garin, ba ka san wanda jama'arsa suka fi so ba, domin garuruwan ba girmansu ɗaya ba. Amma in aka ce na farko ya sami kashi 40, na biyu kashi 60, nan take ka gane. Mu da aikinmu ya ke na littafin haraji da ƙidaya mun san haka: jimla ita kaɗai ba ta gaya maka kome sai ka san daga cikin nawa aka fitar da ita.

Daga nan ya fito da ma'aunin da ya yi suna da shi, wanda za mu iya kiransa karkata. Alal misali, a zaɓen bara wata jam'iyya ta sami kashi 45, bana ta sami 49, watau ta ƙaru da 4. Abokiyar hamayyarta ta sauko daga 47 zuwa 45, ta ragu da 2. Sai a haɗa 4 da 2 a raba biyu, a ce jama'a sun karkata da 3 daga wannan zuwa waccan. Abin da Butler ya lura da shi, wanda ya ba mutane mamaki, shi ne a Ingila ta wancan zamani karkatar nan kusan ɗaya ce ko'ina. In mutanen wani gari na arewa suka karkata da 3, galibi sai ka tarar mutanen kudu ma haka, ko da ya ke ba su san juna ba, 'yan takararsu kuma daban daban ne. Saboda haka da zarar an bayyana sakamakon mazaɓa huɗu ko biyar, mai lissafi zai iya faɗin wanda zai kafa gwamnati tun sauran akwatuna suna kan hanya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta.

Cikin 1950 ya tono wata tsohuwar ƙa'ida da aka manta, ya rubuta bayaninta a jarida. Ƙa'idar ta ce, inda jam'iyyu biyu ne ke takara, in ƙuri'unsu sun kasance 3 ga wannan 2 ga waccan, kujerunsu ba za su tsaya 3 da 2 ba. Sai ka ninka kowace lamba da kanta har sau uku: 3 sau 3 sau 3 ya ba da 27, 2 sau 2 sau 2 ya ba da 8. Watau jam'iyyar da ta sami kashi 60 na ƙuri'a za ta kwashe wajen kujera 77 cikin 100, mai kashi 40 ta tashi da 23. Mista Churchill, wanda a lokacin ya ke shugaban 'yan hamayya yana neman komowa mulki, ya karanta, ya aika aka kira masa marubucin zuwa gidansa na Chartwell, suka daɗe suna hira. Butler yana da shekara 25. A cikin shekarar nan ce kuma gidan BBC ya fara nuna sakamakon zaɓe a talabijin, aka zaunad da shi yana yi wa jama'a bayani, bai daina wannan aiki ba sai bayan zaɓen 1979. Daga baya aka ƙera wani allo mai kibiya kamar hannun agogo, tana lilo hagu da dama tana nuna yawan karkata da yawan kujerun da za su faɗi.

Babban aikinsa dai shi ne jerin littattafan da kwalejin Nuffield ta Okusfod ta ke fitarwa bayan kowane babban zaɓe. Ya karɓi aikin daga zaɓen 1951, ya riƙe shi har zaɓen 2005, littafi 15 ke nan, waɗansu shi kaɗai, yawancinsu tare da abokan aiki, musamman Dennis Kavanagh wanda suka yi tare tun daga 1974. Kowane littafi ya kan bi zaɓen daga farko: halin da ƙasa ke ciki, yadda jam'iyyu suka shirya, irin mutanen da aka tsayar da makarantun da suka yi da sana'arsu, abin da jaridu suka rubuta, kuɗin da aka kashe, sa'an nan sakamako mazaɓa mazaɓa. Ya kan je wurin ministoci da manyan jam'iyyu ya yi hira da su a asirce tun abin yana da zafi, ya komo ya rubuta abin da suka faɗa ya ajiye.

A ganina wannan shi ne alherin da ba mai iya ƙwace masa. Mun san halin ɗan Adam, in an ƙare zaɓe wanda ya ci sai ya ce tun da fari ya san zai ci, wanda ya faɗi kuwa ya ce an yi masa maguɗi ko ruwan sama ya hana mutanensa fitowa. Bayan shekara goma kowa ya gyara labarinsa. Littafin da aka rubuta cikin 'yan watanni bayan zaɓe, da lambobi cikakku, shi ne shaidan da ba ya mantuwa, ba a kuma iya saye shi. Ba a san shi da jingina ga wata jam'iyya a cikin rubutunsa ba, don haka kowane gefe ya yarda ya buɗe masa ƙofa. Ƙasar da ta ke da irin wannan jeri na shekara 60 ba ta rasa abin da za ta kafa hujja da shi in gardama ta tashi.

To, amma yabon gwani ba ya hana a duba saƙarsa. Abu na farko da zan ce, ma'aunin karkata an yanka shi ne daidai jikin zamani guda. A zaɓen 1951 jam'iyyu biyu, Leba da Kwanzabatib, su suka kwashe kusan kashi 97 na ƙuri'un ƙasar. Inda haka ta ke, abin da ya fita daga hannun wannan lalle hannun waccan ya shiga, lissafi ya yi sauƙi. Da jam'iyya ta uku da ta huɗu suka yi ƙarfi sai kibiyar ta rasa inda za ta nuna. A 2015 jam'iyyar 'yan kishin Sikotilan ta ci kujera 56 cikin 59 na yankinta, alhali kuwa a Ingila wata iska daban ke kaɗawa. Ƙa'idar ninki uku ma ta daina aiki tun wajen 1970 da 'yan kai, domin mazaɓun da a ke kusa da kunnen doki a cikinsu sun ragu. Ba laifinsa ba ne duniya ta sake, kuma masu yi masa lissafi a ƙarshen littattafansa, Michael Steed da John Curtice, su suka nuna wannan a fili. Laifin da na gani shi ne an saba wa jama'a da kallon zaɓe kamar sukuwar dawaki biyu, har 'yan jarida suka fi kula da wa ke gaba bisa abin da a ke gardama a kansa. Mutumin da ya fara da lissafin kurket bai rabu da idon mai kallon wasa ba.

Shi kansa ya ga lambobin akwati ba su faɗin dalilin da ya sa mutum ya zaɓi wane ya bar wane. Saboda haka ya haɗa kai da wani malamin Amurka, Donald Stokes, suka zaɓi wajen mutum 2,000 daga ko'ina cikin ƙasar, aka bi su gida gida da tambayoyi cikin 1963, aka sake komawa wurinsu bayan zaɓen 1964 da na 1966. Littafin ya fito cikin 1969. Abin da suka samu shi ne yawancin mutane gādon jam'iyya su ke yi daga iyayensu, kamar yadda a ke gādon sana'a, kuma matsayin mutum, ko ma'aikacin hannu ne ko mai aikin ofis da dukiya, shi ya fi kome nuna inda zai jefa ƙuri'arsa. Canji kuwa yana zuwa ne a hankali, tsofaffi suna mutuwa, matasa suna shiga rijista. Littafi ne mai nauyi, har yanzu a kan ci gaba da irin wannan bincike a Ingila bayan kowane zaɓe. Sai dai ya fito daidai lokacin da igiyar da ya kwatanta ta fara sakwarkwacewa. Shekara guda bayan fitarsa Kwanzabatib suka ci zaɓen 1970 ba zato, bugu na biyu na 1974 ya yarda al'amarin ya fara sakewa, a 2019 kuwa garuruwan masu haƙar kwal da suka yi shekaru aru aru suna bin Leba suka juya mata baya. Sun kwatanta mutanen zamaninsu daidai, amma sun ɗauki gādon ya fi ƙarfin da ya ke da shi.

Yanzu bari mu zo ga maganar da ta fi damuna, watau wa ke da ikon jefa ƙuri'a. Littafin da Butler ya fara rubutawa daga binciken digirinsa, wanda ya fito cikin 1953, a kan dokokin zaɓen Ingila ne daga 1918 zuwa 1951. Wanda ya ke tsammani Turawa da zaɓen kowa da kowa aka haife su, ya karanta tarihin nan ya sha mamaki. Sai 1872 aka fara jefa ƙuri'a a asirce, kafin nan a bainar jama'a mutum ke faɗin wanda ya ke so, mai gidan haya da mai masana'anta suna ji. Sai 1918 aka ba dukan maza masu shekara 21 ƙuri'a, mata kuwa sai mai shekara 30 wadda ita ko mijinta ke da wani abin hannu. Sai 1928 aka daidaita mata da maza. Har zuwa 1948 mai kanti a wata mazaɓa yana da ƙuri'a biyu, ta gida da ta kanti, wanda ya yi digiri kuma yana da ta biyu a jami'arsa, har jami'ar Okusfod kanta tana aika wakilai biyu majalisa. A 1969 aka sauko da shekarun zuwa 18.

Ya bayyana wannan duka da kyau, da gardamar da aka yi a majalisa a kan kowace doka. Amma daga 1948 sai ya zama kamar an ɗauka magana ta ƙare, abin da ya rage shi ne ƙidaya. Ba ta ƙare ba kuwa. A Ailan ta Arewa, wadda ke cikin mulkin Landan, zaɓen majalisun garuruwa ya ci gaba da zama na masu biyan harajin gida da matansu kaɗai, an kuma yanka iyakokin mazaɓu a birnin Derry yadda marasa rinjaye za su riƙe gari. Sai da mutane suka fita titi cikin 1968 suna neman ƙuri'a ɗaya ga mutum ɗaya, aka gyara dokar cikin 1969, amma kafin nan wuta ta riga ta kama, aka yi shekara 30 ana zub da jini. Mai karanta jerin littattafan Nuffield na shekarun da suka gabaci wannan ba zai ji ƙaurin hayaƙin ba sosai. Wanda ya saba zama a fada, labarin fada ya ke ji. Hirar da Butler ya yi ta yi da manya ita ta ba littattafansa daraja, ita ce kuma ta sa muryar wanda bai sami shiga rijista ba ta yi ƙaranci a cikinsu.

Mu nan mun san wannan ciwo a jikinmu. A babban zaɓen tarayya na Disamba 1959, wanda wani malami mai suna Ken Post ya rubuta littafi guda a kansa cikin 1963, kowace jam'iyya da akwatinta da alamarta: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, itacen kwakwa na AG. NCNC ta sami ƙuri'a fiye da miliyan biyu da rabi, NPC ba ta cika miliyan biyu ba, amma NPC ta tashi da kujera 134 cikin 312, NCNC da NEPU a haɗe 89, AG 73. Mai lissafin karkata zai tsaya yana mamaki. Bayanin kuwa ba a cikin akwati ya ke ba. An raba kujeru bisa yawan jama'a, Arewa ta sami 174, an ƙidaya matan Arewa wajen rabon kujeru, amma ba a ba su ƙuri'a ba. Irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da wulakanci a kan wannan magana, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976. Duk lissafin da zai fara daga bakin akwati ya riga ya tsallake rabin mutanen ƙasa.

Saura ɓangare na uku na aikinsa, ƙuri'ar raba gardama, watau inda a ke ajiye wakilai gefe a tambayi jama'a kai tsaye, I ko A'a. Mutanen Ingila sun daɗe suna ƙyamar wannan. A 1945 Mista Attlee ya ƙi ta, yana ganin kayan aikin irin su Hitila ce. Sai ga shi ran 5 ga Yuni 1975 an yi ta farko a ƙasar duka, a kan ko Ingila ta zauna cikin Kasuwar Tarayyar Turai ko ta fita, kashi 67 suka ce a zauna. Butler da Uwe Kitzinger suka rubuta littafi a kanta, suka nuna cewa Firayim Minista Wilson ya kira ta ne domin jam'iyyarsa ta rabu biyu, ya rasa yadda zai ɗinke ta. Suka kuma yi gargaɗi cewa goyon bayan da aka samu yana da faɗi amma ba shi da zurfi. Bayan shekara 41 maganarsu ta tabbata. Ran 23 ga Yuni 2016 Firayim Minista Cameron ya sake kiran irin wannan ƙuri'a, shi ma don rikicin cikin jam'iyyarsa, kashi 52 suka ce a fita, washegari ya ba da sanarwar zai sauka. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Tare da wani malamin Amurka, Austin Ranney, ya tattara labarin irin waɗannan ƙuri'u na duniya duka, littafi ɗaya cikin 1978, wani cikin 1994. Abin da suka nuna yana da amfani ƙwarai ga mai son ya san bambancin abubuwa biyu masu suna ɗaya. A Suwizalan, wadda ita kaɗai ta yi wajen rabin dukan ƙuri'un raba gardama na ƙasa da aka taɓa yi har zuwa lokacin, jama'a ke da ikon tā da magana: mutum 100,000 in suka sa hannu dole a tambayi ƙasa a kan gyaran tsarin mulki, 50,000 kuwa sun isa su sa a kawo sabuwar doka gaban jama'a. Haka a waɗansu jihohin Amurka, kamar Kalifoniya inda jama'a suka rage wa kansu harajin gidaje cikin 1978. A yawancin sauran ƙasashe kuwa gwamnati ce ke kiran ƙuri'ar, ran da ta ga dama, a kan tambayar da ta rubuta da hannunta, galibi kuma ta sami amsar da ta ke so.

Wannan gaskiya ce, mun kuma gan ta kusa da gida. Ran 28 ga Satumba 1958 Janar de Gaulle ya tambayi ƙasashen da Faransa ke mulka ko za su zauna cikin tarayya da ita. Gini ta ce A'a, ta sami 'yanci nan take. A Nijar shugaban gwamnati Djibo Bakary da jam'iyyarsa Sawaba suka ce a ce A'a, Gwamnan Faransa da yawancin sarakuna suka tsaya a kan I, aka bayyana I ta sami wajen kashi 78, alhali mafi yawan waɗanda ke cikin rijista ba su fito ba. Kafin shekara ta ƙare Djibo ya bar mulki, a 1959 aka haramta jam'iyyarsa. In ka ga 78 a jadawali, a jere da lambobin Suwizalan, sai ka ce abu ɗaya ne. Butler da Ranney sun ware ƙuri'un 'yan mulkin danniya masu ba da kashi 99, wannan mai sauƙin ganewa ne. Mai wuyar ita ce irin ta Nijar, wadda lambarta ta yi kama da ta gaskiya, ba kuwa mai iya auna ta sai wanda ya san abin da aka gaya wa mai gari da abin da mai gari ya gaya wa talakawansa.

Ta Kamaru ta Arewa ma abin dubawa ce. A Nuwamba 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka tambayi mutanen Mubi da Gwoza da Bama da sauransu, maza kaɗai, ko su shiga Jihar Arewa ko a ɗaga maganar, suka ce a ɗaga. A Fabrairu 1961 aka sake tambaya, Nijeriya ko Kamaru, wajen kashi 60 suka zaɓi Nijeriya, aka yi Lardin Sardauna. Ba a sa musu zaɓi na uku ba, na su tsaya da kansu, domin mai rubuta tambaya bai rubuta shi ba. A wannan karo na biyu kuwa Majalisar ta ce sai mata sun jefa, suka jefa, shekara 15 kafin matan Kano da Sakkwato. Da yankin ya shigo Nijeriya sai suka komo ƙarƙashin dokar da ba ta san da ƙuri'arsu ba.

Kada kuma a ɗauka tambayar jama'a kai tsaye kullum ita ke buɗe ƙofa. A Suwizalan ɗin nan da a ke yabo, maza suka jefa ƙuri'a cikin 1959 a kan ko a ba mata ikon zaɓe, kashi biyu cikin uku suka ƙi. Sai 1971 suka yarda. A wani ƙaramin lardi mai suna Appenzell, inda har yanzu a ke taruwa a dandali a ɗaga hannu, maza suka yi ta ƙi har sai da babbar kotun ƙasa ta tilasta musu cikin 1990. In aka tambayi waɗanda ke cikin ɗaki ko a buɗe wa na waje, ba abin mamaki ba ne su ce a bari tukuna. Na so a ce malamin da ya san wannan duka ya fito ya yanke hukunci a kan abin da ya halatta a kai gaban jama'a da abin da ya ke haƙƙin mutum ne ko da duk gari sun ƙi. Shi ya fi son ya jera hujjar masu so da ta masu ƙi ya bar mai karatu ya zaɓa. Wannan hali shi ya sa kowa ya amince da shi, amma a wannan wuri ina ganin ya yi kawaicin da ya wuce kima.

Haka ya yi game da tsarin zaɓen ƙasarsa. Ba wanda ya fi shi sanin yadda tsarin ke karkatad da rabo. A 1951, zaɓen da ya fara rubuta wa littafi, Leba ta fi yawan ƙuri'a amma Kwanzabatib suka sami kujera 321, Leba 295. A Fabrairu 1974 abin ya juya, Kwanzabatib suka fi ƙuri'a, Leba ta fi kujeru. A 1983 haɗin gwiwar Libaral da abokansu ya sami kashi 25 ya tashi da kujera 23, Leba da kashi 28 ta sami 209. Duk waɗannan suna cikin littattafansa, an rubuta su daidai ba ragi. Wanda ya ke son ya yi ƙara a kan tsarin, a wurin Butler zai samo shaidunsa, ko da ya ke littattafan ba su shigar da ƙarar da kansu ba.

Ya yi aiki a wajen ƙasarsa ma, musamman Ostareliya da Indiya, inda ya haɗa kai da Prannoy Roy da Ashok Lahiri suka tattara sakamakon zaɓukan ƙasar tun daga 1952. Sarauniya ta ba shi lambar girma ta Sir cikin 2011. A 2017, yana da shekara 92, ya buɗe shafi a Twitter yana yi wa matasa bayanin zaɓen shekarar. A shekarar da ya mutu majalisar Ingila ta yi doka cewa sai mutum ya nuna katin shaida mai hoto kafin a ba shi takardar ƙuri'a, gardamar wa zai shiga wa za a bari a waje ta sake tashi sabuwa. Babban zaɓen farko da aka yi bayan mutuwarsa shi ne na Yuli 2024. Leba ta sami kashi 34 na ƙuri'a ta kwashe kujeru fiye da 400 cikin 650, wata sabuwar jam'iyya mai suna Reform ta sami kashi 14 ta tashi da kujera 5, manyan jam'iyyun nan biyu kuwa, da suka haɗa kusan kashi 97 a zamanin da ya fara aiki, ba su kai kashi 60 ba.